Tsakanin Zomo da Kunkuru

Gwanjo na sayo shi a Gusau,
keken da ƙafar gabansa ke nitsewa ta taso.
Ranar farko, a gangaren bayan dutsen Kwatarkwashi,
ya yi tutsu da ni kamar jakin da rina ta harba.
Ƙwan zabi talatin na ɗauko.
Goma sha ɗaya suka isa gida.

Labbo mai faci bai ce mini sannu ba.
Ya kifar da keken, ya kankare taɓo da farce,
sai ga ɗan jan maɓalli a gindin shoka,
gefe guda zanen zomo, gefe guda kunkuru.
"Wanda yas sai maka ga zomo yab bar ta," in ji shi.
"In dutse ya danne ta, da hushi taka tasowa,
ta maido maka dukan har da riba."

Na ce to a kai ta kunkuru gaba ɗaya.
Ya murɗa, ƙas, ƙas, ƙas, har ta cije,
ya ce je ka dawo.

Dutse na fari, ta sunkuya.
Kafin ta miƙe na biyu ya iso,
na uku ya same ta a durƙushe,
a na biyar ba sauran wurin nitsewa,
wuyan hannuna ya biya ragowar bashin.

Muka wuni a haka, ni da gangare da Labbo.
Ƙas ɗaya, in hau, in sauko, in ba da labari.
Ya tambayi nauyina, ya tambayi na kwandon.
Gab da la'asar, ƙas shida daga kunkuru,
ƙafar ta karɓi dutse ta ajiye shi
ba tare da ta gaya wa kafaɗata ba.

Saura shuɗin makulli na sama.
"Wannan na kwalta ne da hawan tudu.
Kulle, kar ƙarfinka ya tsiyaye cikin lilo.
Amma in ka bar titi ka buɗe.
Wanda ya shiga duwatsu a sandare
haƙoransa ka ba da labari."

Na biya shi da ƙwai huɗu.

Yanzu kullum a kwanar da kwalta ta ƙare
hannuna kan sauka da kansa ya buɗe makulli.
Jiya ƙanena ya gaya mini magana a kan gona,
na ji ta danne ni har ƙasa.
Na ƙirga shida kafin na taso.