Kujeru Goma Sha Ɗaya

A motar gwamnati aka kawo su,
ranar Talata, bayan la'asar,
kujeru goma sha ɗaya daga zauren dattawa,
aka jibge mini a ƙofar shago a Nima,
dab da tukunyar mai wake da shinkafa.
Masinja Tete ya ce, "Gariba, a sauya fata,
a ƙara soso, kada a taɓa katako."

Shekara talatin ina farke kujera.
Cikinta bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ta farko ta lotsa ta hagu:
mai ita ya saba karkata kunne
wajen wanda ya naɗa shi.
Ta biyu hannunta ya goge har yana sheƙi,
wani ya daɗe yana danne magana da tafinsa.
Ta uku sabuwa dal, ko ledar kanti ba a ɓare ba,
alawus yana zuwa, mai ita ba ya zuwa.
A kwiɓin ta bakwai na tsinci ɓawon gyaɗa,
tsinken sakace, da rabin takarda
an rubuta "ban yarda ba" da jan biro,
an ninke ta huɗu, an cusa inda ido ba ya kai.

Rediyo na ta kumfar baki a kan benci.
Wani ya ce a rushe zauren, asarar kuɗi ce.
Wani ya ce a ɗaga shi ya zama majalisa ta biyu,
duk dokar da na ƙasa suka dafa da gaggawa
ta hau bene ta huce
kafin a zuba wa jama'a a kwano.
Wata ta ce, to wa zai zaɓi masu fifitar?
Nan layi ya yanke, aka sa tallan maganin basur.

Sakinatu, 'yata mai karatun shari'a a Legon,
ta sauko daga mota da littafi a hammata.
Ta ce, "Baba, shawarar da ake bayarwa ƙofa a rufe,
wadda ba dole a saurare ta ba,
ɗibar ruwa ce da kwando.
A buɗe taga. A yanka musu wa'adi.
Mai naɗi ya rage tsawon hannu.
A zaunar da mai ƙyafa kifi daga Chorkor,
da ungozoma, da wanda ya san kuɗin buhun taki."
Na ce, "In da ƙuri'a za su shigo,
ba da tuta da ganga za su zo ba, kamar na ƙasa?
Birki ake nema,
ko ƙafa ta biyu a kan totur?"
Ta ce, "Kai ma ka shiga gardamar ke nan."
Ta ja kwanona, ta cinye sauran waken.

Da dare na kifa ta farko.
Gari ya zubo daga ƙafarta kamar tsaki.
Ƙwaro ya rigaye mu yin zama a ciki,
ba hutu, ba ɗage muhawara.
An ce kada a taɓa katako.
Na taɓa.
Na yanko sabon odum, na daidaita ƙafa huɗu,
ban sa a lissafi ba.

Ran Asabar Tete ya dawo da direba.
Na miƙa masa takardar nan mai jan biro.
Ya duba jerin kayansa, ya girgiza kai:
"Kujeru aka ba ni in ƙirga."
Sai na kafe ta da ƙusa a bango,
ƙarƙashin farashin gyaran kushin.

Ya danna fatar da babban yatsa,
ya ce, "Kamar da tauri."
Na ce sabunta ce, za ta saki.
Ba za ta saki ba.
Ɓawon kwakwa na cusa, soson kaɗan ne.
Duk wanda ya zauna a kai,
naɗaɗɗe ne ko zaɓaɓɓe,
gyangyaɗi zai yi masa wuya.