Kumfa Ba Ta Ƙarya

A Jidda, unguwar Sabil, bayan azahar,
rana ta hau rufi ta zauna
kamar mai bin bashi.
Alhaji Mamuda ya tare ni tun a ƙofa,
riga ta manne masa a baya.
"Gas ne. Cika masa gas ka tafi.
Sau uku ke nan bana."

Na ce, Alhaji, randar da ke wayar gari babu ruwa,
ba rijiya ake tuhuma ba.

Esin nan 'yan'uwa biyu ne:
ɗaya a ɗaki, fari tas, yana karɓar godiya,
ɗaya a waje yana shan wuta dominsa,
bututu biyu na jan ƙarfe
su ne zumuncin da ke tsakaninsu.

Na fara da na ɗaki.
Batirin rimot da ransa.
Na zare raga, ƙura ta yi mata bargo,
na miƙa wa yarona Sidiƙu ya wanke.
Na sa tafin hannu a bakinsa,
iskar kamar numfashin mai zazzaɓi.

Usta Barau, Allah ya jiƙansa,
shekara biyu ina riƙe masa tsani
kafin ya bar ni na taɓa sifana.
Kullum maganarsa ɗaya:
kunne tukuna, sannan ido,
hannu shi ne auta.

Muka hau sama.
Siminti yana cin tafin ƙafa ta cikin takalmi,
teku na can bayan gine-gine,
ba a ganinsa, sai gishirinsa a leɓe.
Na kasa kunne.
Fanka na juyi, kwamfiresa na gurnani lafiya.
Kafasita bai kumbura ba.
Amma siririn bututun ya yi furfurar ƙanƙara
a wannan zafi,
allurar geji kuwa ta kwanta
kamar jakin da ya ƙi kaya.

To, ta ina kake fita?

Sabulu da ruwa a gindin gora.
Na bi bututu gaɓa-gaɓa ina shafawa,
shiru,
shiru,
sai a wuyan goro, wurin haɗi,
kumfa ta ɗago kai,
ta haifi wata, watan ta haifi wata.
Kamu ɗaya daga nan
ga igiyar shanya, shuɗiya,
an ɗaure ta tam a jikin bututun,
ƙulli uku, irin ɗaurin mai tsoron iska.
Kowane jiƙaƙƙen zane
yana jan jijiyar esi kaɗan-kaɗan.

Na waiga.
A bakin matakala Goggo Habi, mahaifiyar Alhaji,
kwandon wanki a kwankwaso,
ta dubi igiyar, ta dubi kumfar,
ta dube ni.
Ba ta ce komai ba. Ni ma haka.

Na yanke bakin da ya tsage,
na buɗa sabo, na ɗaure goro har ya yi ƙara.
Injin zuƙa ya kwashe iska da laima,
muka jira shi, rabin sa'a,
a inuwar tankin ruwa.
Sannan gas, a kan sikeli,
ba da ka ba.
Furfura ta narke. Babban bututu ya fara gumin sanyi,
allura ta miƙe tsaye.

Kafin mu sauko
na kafa ƙusa biyu a katanga,
Sidiƙu ya mayar da igiyar can.

A ɗaki Alhaji ya tsaya gaban iska
ya buɗe hammata kamar shaho.
"Me ya same shi?"
Na ce, gishirin teku ne, Alhaji,
ba ya barin ƙarfe ya tsufa da mutunci.
Ya zagi teku, ya ƙirga riyal,
ya rage ashirin don mu saba.

Muna ɗaura tsani a mota
wata yarinya ta biyo mu da leda:
dabino, da gorar ruwa mai ƙanƙara.
"In ji Goggo."

Kumfa dai ba ta ƙarya.
Ni ne na ɗan yi.