Nomau na Doka

A Doka, kan hanyar Gadarif,
inda ƙasa baƙa ce, tana dararrashewa da rani
har kofaton jaki ya shige,
nan ubana Nomau ya kafa sandarsa,
ya ce hajji ya jira shi kaka ɗaya.
Kaka talatin ya yi.

Riɗi ya shuka, da dawa.
Ran Talata sai ya wanke laka,
ya hau jaki zuwa majalisar lardi,
ya zauna ƙarshen tabarma, kusa da takalma,
yana ja da Turkawa kan kuɗin ƙasa
da Larabcinsa mai ƙamshin daddawa.
Shi ya sa aka rubuta
kada raƙumi ya shiga gona sai amfani ya isa gida.

Gabar ta girme ni.
Wai tafki ne. Wai taguwa ce aka sare wa agara.
Gidan Wad Balla sun binne ɗaya, mun binne biyu,
aka dafa Alƙur'ani, aka ci asida akushi guda.
Ashe wutar ƙaiƙayi ce, cinta a ƙasa.

Wata Laraba, riɗi na jingine yana shan rana,
mashi ya same shi tsakanin kunya da kunya.
Takardar majalisa na aljihunsa,
ta sha jini har hatimi ya ɓace.

A Doka aka kashe mai doka.
Ni na kakkaɓe riɗin shekarar,
ban kai ko ƙwaya baki ba.
Guzurin hajjin na nan a tulu,
riyal bakwai.