Saura Mu Bakwai

Ni nake zuba toka a filin bayan Karkada,
shekara goma sha tara ina ja wa yara layi
da gwangwanin tumatir mai huda uku a gindi.
Ni kuma ke riƙe da kundin gasar makarantu,
don Malam Tsahiru ya ce rubutuna ya fi ƙafata kyau.

Mu sha biyu ne a shafin farko.
Bara, wata Laraba, takarda ta zo da hatimi biyu:
manya biyar sun samu babban gida.
Za su riƙa karawa da Maraɗi, da Tawa, da Yamai,
kamfanin waya zai ɗinka musu riguna,
a haska su a talabijin, har da maimaici in an ci.
Sun ce ba rabuwa ba ce, gyaran zama ne.
Na ɗauko biro na gyara zaman,
ja ɗaya, ja biyu, har biyar.
Takardar ta huje a kan na ƙarshe.

Saura mu bakwai.
Bakwai ba ta rabuwa biyu,
kowane mako sai ɗaya ta hau dutse ta zauna
kamar wanda ya iso biki an riga an kwashe tuwo.

Kofin ma ya bi su.
Waɗanda suka ci shi ƙarshe sun ce yana wajen mai walda.
Wata takwas ke nan ana liƙa kunne ɗaya.

Da can, ranar da Birni ta haɗu da Zango,
'yan kabu-kabu kan toshe hanya,
mai ƙanƙara ta sayar har da ruwan da ya narke,
kuɗin ƙofa ya kai jaka arba'in.
Makon jiya na juye kwanon a tafin hannu:
dala ɗari da sittin, da maɓallin riga.
Kiyari alƙalin wasa ya dube su, ya dube ni,
ya ce in saya wa yara ruwa, shi zai taka zuwa gida.

Tanut ta aiko cewa man mota ya fi ƙarfinta.
Gure ta roƙi a haɗa mata wasa biyu rana ɗaya
don kada direba ya kwana.
Nayusa ɗan Mirya, mai tsaron gida,
da na sani tun yana cafe ƙwallon tsumma a gindin mangwaro,
sun ba shi gurbin karatu da takalmi mai ƙusa.
Ya zo sallama yana kallon ƙasa.
Na ce tafi, ɗana, ba a hana kifi babban ruwa.
Da ya juya na rasa yadda zan yi da hannuna,
sai na sake zuba toka inda na riga na zuba.

Ba na zaginsu.
Kowa ya ga inuwa zai ja tabarmarsa.
Ina dai so a tambaye su, in an samu hali,
a ina aka reni irin da ya zama wannan itace,
kuma wa zai ba na gaba ruwa.

Asabar. Huɗu ta wuce, biyar ta kusa.
Motar Magarya ta shigo da tayar aro,
yara goma sha uku, takalmi ƙafa tara,
Malam Ma'azu da ƙwallo a hammata kamar goyo.
'Yan kallo tsofaffi shida, awakin unguwa,
da Barira mai ƙosai da ba ta taɓa fashi ba.
Daga shagon Ilu talabijin ya yi ihu, an ci a Yamai.
Ƙaramin cikinsu ya waiwaya,
ya daɗe kaɗan, sannan ya dawo da ido kan ƙwallo.
Kiyari ya kai usur baki, ya fasa,
ya nuna mini kusurwar gabas
inda awaki suka share layi.

Na ɗauki gwangwanina.