Babbaƙu da Wasali

A asibitin Sinnar likita ta ɗaga takardata,
ta ce, "Suga ne. Jinin ma ya hau."
Na ce, ni da nake taka keke kullum
daga Maiwurno har bakin gada?
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Nawa ne nauyinka ran da aka haife ka?"

Wa ya auna?
Na kai tambayar gida.

Inna Hansai tana tsince riɗi a faifai,
ba ta ɗago ba.
"Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa ce.
Dije unguwarzoma ta ɗauke ka da hannu ɗaya,
ɗayan yana riƙe da fitila.
Ta ce wannan ai ɗan tsako ne, ku nemo auduga."

Kisra ɗaya, baki biyar.
Gefe mai kauri na Baba, shi ke fita nema,
tsakiya ta yayyena,
ita kuwa ta kankare ƙanzon kasko,
ta kora da ruwan kogi,
ta dafa cikinta ta ce, yi haƙuri.
Cikin nan ni ne.

Da na koma, likita Intisar ta juya bayan takardar magani.
Ta ce, abin da ka gada babbaƙu ne,
babu mai goge su.
Amma baƙi ba ya karanta kansa
sai an ɗora masa wasali.
Wata tara mabiyiya ke riƙe da alƙalami,
tana ɗanɗana abin da uwa ta ci,
tana lissafa abin da ba ta samu ba,
ta ɗiga nan, ta ɗaure can,
wannan a ɗaga murya, wancan a yi shiru.

Tawa ta rubuta mini wasiƙa:
inda za ka, babu.
Ɓoye kowace loma.
Jikina ya haddace tsaf.
Sai damina ta dawo,
na girma cikin burodi da shayi mai zaƙi,
shi kuwa yana can a shekarar fari,
yana ta ɗura hatsi a rumbun da ya cika.

"Ba shi kaɗai ne dalili ba," in ji ta,
"kuma ba hukunci ba ne.
Rage gishiri. Ci gaba da keken."

Ban kai wa Inna duka ba,
amma uwa tana jin abin da aka rage.
Bayan magariba ta ce, "Ni na jawo maka?"
Na ce, ke da kika raba babu gida biyu
kika ba ni babban rabo?
Ta yi shiru, ta nuna da haɓa:
"Ga ta can, gindin lemun tsami muka binne ta."
Na je na tsaya a wurin.
Ƙasa ce kawai, da kashin kaji.
Na rasa ko gaisuwa zan yi ko ƙorafi.

Yanzu cikin Sawaba wata huɗu.
Na sayar da rediyon shago.
Ina shigowa da kifin kogi, da adas, da zogale,
na zaro ƙwayoyin ƙarin jini
daga ƙarƙashin matashi inda take ɓoye su
don suna tayar mata da zuciya.

Jiya ta tura mini tsakiyar kifi,
hannunta ya yi kafin ta yi tunani.
Na juya tiren.
Ta juyo shi.
Na sake juyawa.

Inna tana kallo daga bakin ƙofa.
Ta ga ƙwai a kwano, ta ce,
"Mu da an ce mai ciki ba ta ci,
wai yaro zai yi ɗauke-ɗauke."
Babu wanda ya amsa.

Ta taso a hankali, gwiwa tana ƙara,
ta fasa ɗaya a goshin turmi,
ta ɓare shi da farcen nan da ya kankare kasko,
ta sa a tafin Sawaba,
ta rufe yatsunta a kai.