Fitila Mai Ido Ɗaya

A ƙasan adakar kakanmu Nalado,
ƙarƙashin jamfa da takardun haraji,
muka tarar da ita:
fitilar kwano, baƙa ƙirin, ba gilashi,
sai huji ɗaya tal, faɗin sule.

Na ba ta kananzir, na kunna lagwani.
Ɗaki bai san an yi ba.

Mani makaniki ya ce ta jirgin ƙasa ce.
Wane jirgi a Ƙofar Marusa?
Wani a zaure ya yi gyaran murya:
ɓarayin da, in ji shi,
ba su son haske mai surutu.
Kwana biyu na kasa kallon hoton tsohon.

Ran Juma'a Goggo Tabawa ta zo gaisuwa,
ta gan ta, ta yi dariyar dasashi.
"Ku miƙo ƙwan zabi."
Ta kara shi a bakin hujin.

Ƙwan ya kama daga ciki,
ja kamar manja,
ga jijiyoyi, ga ɗigo yana motsi.

"Shekara talatin yana 'Yar Kutungu,
bai sayar wa kowa bara-gurbi ba.
Wannan mai rai ne.
Maza a mai da wa kaza tun bai huce ba."