Soborodon Inna Tumba

Ran kasuwar Achida na sayo shi iri uku:
baƙin Wurno, mai kauri kamar jinin yanka,
ja mai haske, wanda wata 'yar Gwadabawa
ta auna mini a tiya har da gyara,
sai fari, cikin tafi ɗaya,
don tsaminsa ke ta da sauran daga barci.

Inna Tumba ba ta taɓa awo ba.
In na tambaya sai ta ce,
"Zuba, hannunki shi ka sanin inda za shi tsaya."
Yau shekara biyu da rufe ta,
hannuna kuwa bai san komai ba.

Na wanke yashi sau uku.
Na daka citta mai yatsu a ƙaramin turmi,
kanumfari bakwai, ƙirgawa na yi,
masoro kaɗan, kimba guda,
da ɓawon abarba da ya sha rana a kan katanga.
Ban sa kanwa ba.
Inna ta ce kanwa kashe masa ido take yi.

Ya tafasa, na tace da farin ƙyalle
da ba zai ƙara komawa fari ba.
Mazarƙwaila ta narke tun yana huci,
ya kwana a randa, faifai a bakinta.

Da hantsi na kai wa Kawu Modi,
tsohon majemi,
shekara arba'in yana rina fatar akuya da karan dafi.
Ido ya tafi, amma bai daina sanin ja ba.
Ya ce a ƙoƙo, ban da kofin roba.
Ya sansana. Ya kurɓa, ya riƙe a baki
kamar wanda aka ba amanar magana.
Har kaza ta ratsa tsakaninmu da 'ya'yanta
kafin ya haɗiye.

"Tsami ya zo da wuri, ya gaishe ni, ya wuce.
Citta ta biyo baya, ba ta yi rashin kunya ba.
Zaƙi ya san wurin zama nai.
Amma ɗiyata, wanga ba na Tumba ba ne."

Na ce me na rage?
Ya yi dariya har ta koma tari.

"Ba ki rage komi ba, kin cika tsayuwa bisa kai nai.
Uwarki in ta aza tukunya
bakin danga taka zuwa, ita da Haɓɓi,
su ɗauko bikin wane, su aje,
su ɗauko tsadar gero,
har gindin tukunya shi kama.
Ɗan ƙaurin ga da kike biɗa,
hira ce."

Jiya na sake azawa.
Na iza itace, na juya wa murhu baya,
na tafi bakin danga na yi sallama.
Haɓɓi ta fito da sanda, a hankali.
Rabon da in tsaya nan tun ranar sadakar arba'in.
Ta tambayi yara, na tambayi gwiwa,
daga nan muka faɗa zancen Inna:
yadda take tsoron kwaɗo,
bashin allura da ta tafi ba ta biya ba.

Sai ƙauri ya ƙetaro tsakar gida.
Na zabura, ta riƙe mini wuyan hannu.
"Tukuna. Ita sai ta kai aya."

La'asar, zafin Sakkwato na dafa bango,
na aiki Nasare Runjin Sambo ta sayo ƙanƙara.
Na jera ƙoƙuna a kan tabarma,
na ɗaga ludayi sama don ya yi kumfa,
na fara da Haɓɓi, sannan Kawu,
yara suka biyo da baki a buɗe,
suka koma da harshe ja.

Kawu Modi ya kurɓa, ya daɗe.
Bai yi zancen tsami ba, bai yi zancen citta ba.
Ya share gemu da bakin riga,
ya miƙo ƙoƙon ɗan hagu da inda nake,
na matsa, na cika masa.